Kofin Gidan Surukai

Tun kafin motar ta fita daga garin Margao, Venancio Colaco ya kasa samun zaman da ya yi masa. Ya zuge gilashi, ya rufe, ya ce wa ɗansa Melwyn ya rage gudu, can kuma ya tambaye shi ko gawa suke rakawa. Matarsa Ermelinda tana baya da kwalin kek a cinya, ta bar shi da halinsa. Zaman aure ya koya mata cewa idan mijinta ya fara gyara wa mutane tuƙi, ba tuƙin ne damuwarsa ba.

Neman aure za su je wa Melwyn, a wani ƙauye can cikin tuddan kudancin Goa, a ƙasar Indiya. Yarinyar sunanta Jovita, kuma Venancio bai samu aibu ko ɗaya a tare da ita ba, duk da ya nema da gaske. Matsalar gidansu ce. Zuri'arsu ta Furtado tun kakan kakansu giya suke dafawa. A da feni suke yi da ruwan 'ya'yan yazawa kamar kowa a yankin, sai Jovita ta je karatu Pune ta dawo ta ce ita gin za ta dafa, barasar nan mai ƙamshin itatuwa da 'yan birni suke sha da ƙanƙara da yankin lemo. Melwyn ne ya zana musu takardar da ake mannawa a jikin kwalba. Aikin sati ɗaya aka kira shi, ya share rabin shekara yana gyara launi.

Shi kuwa Venancio ya daina sha, kuma ba dainawar ganin dama ba ce. Ya yi shekaru yana koyar da tarihi a kwaleji, yana shan abin da kowane mutumin kirki yake sha a wurin biki da baftisma da zaman makoki, sai dai shi a hankali ya daina jiran wani ya yi aure ko ya mutu. Wata safiya aka tsince shi a matattakalar coci da takalmi ƙafa ɗaya, aka wuce da shi asibiti. Likita ya nuna masa hoton hantarsa, ya ce ya kalle ta da kyau, don idan ya ƙara ba za su daɗe tare ba. Ba ma likitan ne abin tsoro ba. Venancio ya san kansa. A wurinsa babu wani abu wai shi kofi ɗaya: ko dai bai taɓa ba sam, ko kuma ya farka bayan makonni bai san inda ya baro su ba. Ya ajiye aiki kafin lokaci, aka sanar wa dangi da abokan aiki cewa ciwon suga ne, kowa ya yi masa jaje da fuskar da ta dace.

To ga al'ada kuma. Idan iyaye maza biyu suka ba juna kalmar aure, sai sun ɗaga kofi sun sha. A gidan kowa ma haka ne, balle gidan da da hannunsu suke dafa abin. Ka ƙi shan abin da mutum ya dafa, ka gaya masa ke nan 'yarsa ma ba ta kai ba. Faɗin gaskiya kuma ba hanya ba ce, domin duk faɗin Goa babu mai ƙyamar mashayi kamar mai dafa giya, limamin coci ma ya fi shi sassauci. Melwyn da bakinsa ya ba da labarin yadda Bostiao, uban Jovita, ya sallami wani injiniya da ya zo neman yayarta, don an ce uban yaron a kwata yake kwana. Abin a jini yake, in ji Bostiao, shi kuma ba zai haɗa jini da kwastoma ba.

"Pai, ka ɗan taɓa shi da leɓe kawai," in ji Melwyn, wanda kamar kowa a yankin Pai yake ce wa uba, idonsa a kan hanya. "Ba wanda zai leƙa maƙogwaronka."

"Ni zan leƙa."

"To ka ce suga."

"Zan ce suga. Na gode. Da ba ka tuna mini ba, da cewa zan yi ciki gare ni."

"Venancio," in ji Ermelinda daga baya, "ƙafarka."

Ya dubi ƙafar. Rawa take yi ita kaɗai. Ya dafe ta da hannu, sai ɗayar ta karɓa.

Shi da so samu ne, a cikin azumin gabanin Ista aka yi wannan zuwa, lokacin da mutum zai ƙi kofi a ce masa salihi. Gidan Furtado suka aiko cewa ba a maganar aure cikin azumi, a bari sai an yi idi a zo a sha da kyau.

Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓa. Ƙarshen Afrilu ne, zafi ya kai inda kare ma ba ya tashi don mota, damina kuma tana ta alkawari daga teku ba ta cikawa. Hagu da dama gonakin yazawa ne, 'ya'yan da suka faɗo suna ruɓewa a gindin bishiyoyi, warinsu mai zaƙi-zaƙi ya cika motar. Venancio ya gane shi nan take, kamar tsohon abokin banza da ya hango ka daga tsallaken titi yana ɗaga hannu. Ya koma numfashi ta baki.

Bostiao ya tare su tun daga bakin ƙofa, gajeren mutum mai tumbi, cikin sabuwar riga da layin ninkinta bai baje ba. Ya jera musu laƙabin girmamawa na yankin, bab ga namiji, bai ga mace.

"Venancio-bab! Farfesa da kansa a gidan jahilai! Ermelinda-bai, sannu da hanya. Wannan hanya tamu gwamnati ba ta mantawa da ita, duk zaɓe sai an zo an auna ta. Kai kuma mai zane, ba sai an nuna maka ƙofa ba, karnuka ma sun gaji da yi maka haushi."

A baranda uwar Bostiao tana zaune a kujerar katako cikin baƙar riga, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da taba naɗin hannu a baki. Kowa a gidan Shamai yake ce mata kamar yadda jikoki suke kiran ta, har ɗan da ta haifa. Ta auna Venancio daga sama har ƙasa.

"Wannan ne uban? Ya rame."

"Suga ce, Shamai," in ji Ermelinda.

"Me?"

"Suga!"

"Kowa suga," in ji tsohuwar, ta koma kan tabarta.

Ba a bar Venancio ya zauna ba. Bostiao ya ce sai baƙo ya ga wurin aiki tukuna, ya ja shi ta bayan gida. Suka wuce wata rumfar ganyen kwakwa inda tsohuwar tukunyar ƙasa ta feni take kife a kan murhu, kaji sun mayar da gindinta wurin saka ƙwai.

"Ta ubana ce. Da ita ya aurar da mu duka. A lokacin masunta muke sayar wa, su bugu su yi dambe. Yanzu 'yan Bombay muke sayar wa, su ɗauki kwalbar hoto kafin su buɗe. Ni ban gane ba, bab, amma ban yi musu ba."

Sabon wurin tsohon ɗakin shanu ne da aka shafe da farar ƙasa. A tsakiya ga tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, an goge ta har mutum yana ganin fuskarsa a jiki, a kumbure. Venancio ya ga tasa, bai ji daɗin haɗuwar ba. Wuta tana ci a ƙarƙashi. Daga wani siririn bututu ruwa fari tas yana ɗiga cikin tulun gilashi, ɗakin kuma ya cika maƙil da ƙamshin da ya yi shekaru yana tsallaka titi don kada ya shaƙa.

Jovita tana wurin da takalmin roba da tsohuwar riga, gashi a ɗaure. Ta gaishe shi da ladabi, ta ba da haƙuri cewa ba ta yi kwalliya ba, an ɗora tukunya tun da asuba kuma tukunya ba ta san ana neman aure ba. Ta nuna masa buhunan da ke jere a kan katako: kirfa, kanumfari, masoron gonarsu, busasshen ɓawon lemo da Shamai take ferewa da hannunta, sai wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe da ake kawo mata daga tsaunukan arewa, junifa, waɗanda in babu su abin bai zama gin ba. Ta murƙushe ɗaya ta miƙa masa. Wannan kam ya iya shinshinawa. Ya daɗe a kansa, don shi kaɗai ne abin da ba ya cizo a ɗakin.

"Na farkon da ya fito zubarwa muke yi, kaifi gare shi, ciwon kai yake sawa," ta ce. "Na ƙarshe kuma ya yi nauyi. Na tsakiya muke ɗiba."

"Ya ake sanin an kai tsakiyar?"

"Da hanci."

"Hancinta!" in ji Bostiao. "Nawa ya mutu tun tuni, hayaƙi ya kashe shi. 'Yan'uwanta maza suna kan jirgin ruwa suna wanke wa Turawa kwanuka. Duk gidan nan da kake gani, a kan hancin yarinyar nan yake tsaye. Kawo hannunka, Farfesa."

Kafin Venancio ya yi dabara an cafke hannunsa an tara a bakin bututun. Abin ya ɗiga a tafinsa, da sanyi.

"Murza ka shinshina. Haka ake yi."

Ya murza. Ya kai hannun kusa da fuska, ya riƙe numfashi, ya ce madalla, akwai zurfi. Sannan ya mayar da hannun baya ya goge a wando, ya sake gogewa, ya ƙara. Bostiao yana can yana ba da labarin yadda sai da aka kwaye rufi kafin tukunyar ta shiga. Jovita kuwa ta gani. Ta dubi hannun, ta dubi zufar da ke bin wuyansa, ta koma kan tulunta.

Da ƙyar ya samu ya fito iska. Ya tambayi zurfin rijiya. Ya tambayi wa ya kafa gicciyen dutsen da ke bakin gona, a wace shekara, don wane alkawari. Ya nemi a nuna masa aladu, kuma tun da aka haife shi bai taɓa nuna wa alade sha'awa irin ta ranar ba. Amma gidan ƙauye iyakarsa ke nan, abin tambaya ƙarewa yake yi. Ƙamshin soyayyen kifi da naman alade mai tsami ya fara fitowa daga ɗakin girki, aka kira su baranda.

An shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, an jera kofunan gilashi, ga ƙanƙara a kwano. Jovita ta kashe wuta ta sauya kaya, ta tsaya jikin ginshiƙi, Melwyn kuma ya samu dalilin tsayawa jikin ginshiƙin nan dai. Bostiao ya gyara murya.

"Magana ɗaya ce take hana ni barci, bab. Yaro mun yarda da shi. Zane ba sana'a ba ce, amma ba ya zagi, ba ya caca. Sai dai in ta tare a Margao, wa zai riƙa shinshina mini?"

"Mota tana zuwa Margao kullum," in ji Ermelinda. "Mun ɗora musu bene, da banɗakinsu da komai. Ɗa ɗaya gare mu. Matar ɗa a gidan ɗa take zama, ba a kanmu aka fara ba."

"Tukunya da asuba ake ɗora ta, bai."

"Sai a koya mata haƙuri."

Melwyn ya shiga nazarin rufin baranda kamar an ba shi kwangilar gyara shi.

"A bari, a bari," in ji Bostiao. "A jiƙa maƙogwaro tukuna, sauran magana za ta biyo baya."

Ya shiga ciki ya fito rungume da wata kwalba marar takarda a jiki. Ya ce daga tukunyar farko ce da Jovita ta dafa, ya ɓoye ta a ƙarƙashin gadonsa don wannan rana, ko limamin cocinsu da ya zo sa wa wurin albarka bai ɗanɗana ba. Ya zuba wa kowa, ya cika na Venancio fiye da na kowa, don girmamawa.

"Bostiao-bab, ka yi mini haƙuri. Likita ne. Suga."

"Suga! Ni ma ita ce. Shamai ma ita ce. Likitan da ya hana ni, duk Kirsimeti sai ya aiko direbansa a cika masa bayan mota. Wannan babu zaƙi a ciki, ga mai shi nan ka tambaye ta. Magani ne ma. Riƙe."

Ya riƙe. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda hannun ya karɓi kofin, ba gardama, yatsu suka koma mazauninsu kamar jiya suka bar shi. Rawar ƙafar ma ta tsaya. Sanyin gilashin ya ratsa shi har kafaɗa, yawu ya taru masa a baki, wata murya mai hankali da ladabi ta fara yi masa bayani a cikin kai cewa rana ɗaya ce, don ɗansa ne, kuma ai an daɗe.

Ya miƙe tsaye. Malami ne, malami kuwa in ya rasa mafita jawabi yake yi.

Ya ce kafin a sha, ya kamata a san abin da ake sha. Ya ɗauko gin tun daga ƙasar Holan, inda aka fara shi da sunan magani. Ya bi shi cikin jakar sojoji zuwa Ingila, ya tsaya ya kwatanta ɓarnar da ya yi wa talakawan London, ya ɗoro shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, ya haɗa shi da maganin zazzaɓin sauro. Kamar yadda ya saba a aji, ba ya iya magana a tsaye wuri ɗaya. Ya kai ƙarshen baranda ya dawo, barandar ta yi masa kaɗan, ya sauka matattakala zuwa tsakar gida, yana kai da komo a gindinta, kofi a hannu. Hannayen da aka ɗaga suka gaji suka sauka. Bostiao ya saki baki, yana gyaɗa kai yana duban jama'a, a ga irin surukin da ya samo. Ermelinda ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Ƙanƙara ta narke. Tarihi kuma, abin haushi, ƙarewa yake yi, ya riga ya shigo ƙarni na ashirin kuma babu sauran yaƙin da zai raɓe a bayansa.

Sai wata babbar mota da ta kawo kwalabe ta danna ƙaho a bakin ƙofa, karnuka suka ɗauka, kowa ya juya. Venancio ya sauke kofin jikin cinyarsa ya karkata shi. Dabarar ba laifi, sai dai ya manta bai gaya wa ƙafafunsa su tsaya ba. Da a wuri ɗaya ya zuba, da ɗan danshi ne da mutum zai take da takalmi. Da yake tafiya yake yi, sai gin ɗin ya bi shi ya ja layi, dogo, baƙi a kan busasshiyar jar ƙasa, daga wannan gefen matattakala zuwa wancan.

Mutum ɗaya ce ba ta juya ba, don ba ta ji ƙahon ba. Shamai ta zare tabar daga baki ta nuna ƙasa da ita.

"Ya zuba shim."

A bikin mutanen nan, bayan an gama ci da rawa, dangin ango sukan rako dangin amarya zuwa bakin hanya. Babba a cikinsu ya tsiyaya giya a ƙasa, layi ɗaya. Shi ne shim, wato iyaka. Masu tafiya su tsallake su kama hanyar gida ba waiwaye, amarya ta tsaya a ɓangaren da aka bar ta, daga ranar ta zama ta can. Abu ne na ƙarshen biki, bayan coci, bayan komai. Ba a taɓa jin wanda ya zuba shi ranar neman aure ba, a ƙofar gidan mutane, da giyarsu.

Bostiao ya dubi layin, ya dubi kofin da ba komai a ciki. Wuyansa ya kumbura har maɓallin sabuwar rigar ya shiga wahala.

"Mene ne wannan, Farfesa? Tun ba a je coci ba ka shata mana iyaka? Wato ka ɗauke ta, mu kuma kada mu kuskura mu tako Margao? Ko kuwa abin namu ne bai kai bakinka ba, ƙasa ce ta dace da shi? Kwalbar farko ta 'yata!" Ya ajiye nasa kofin a hankali. "Ko akwai wani dalilin da zai sa mutum ya zubar da gin a ɓoye? In akwai, faɗa mini, ina ji."

Akwai, kuma yana nan a kan harshen Venancio, gajere, kalmomi kaɗan. In ya faɗa, Melwyn zai bi sahun injiniyan nan. Ya ɗaga kai ya dubi barandar. Duk suna can sama a jere, shi kaɗai ne a ƙasa cikin rana. Idonsa ya sauka a kan ɗansa, wanda yake tsaye kafaɗa da kafaɗa da yarinyar, fuska ba jini. Bakin Venancio, da ya saba cika awa guda ba tare da ya nemi izinin ƙwaƙwalwa ba, ya buɗe.

"Bostiao-bab, kafin ka yi fushi, duba da kyau. Wa ke wane ɓangare?"

"Ban gane ba."

"Ni ga ni nan. Ɗana yana ina?"

Kowa ya dubi Melwyn. Melwyn ma ya dubi kansa.

"Ka yi tambaya, ka ce wa zai riƙa shinshina maka. Amsar ke nan a ƙasa. Ni ba mutum ne mai doguwar magana ba. Yarinya ta zauna da tukunyarta. Yaron ne zai tare."

A Goa, namijin da ya tare a gidan matarsa akwai sunan da ake kiran sa da shi, kuma ba a gabansa ake faɗa ba. Venancio ya sa ran ganin kunya a fuskar ɗansa, ko ɗan ɓacin rai na ladabi. Abin da ya gani murna ce, tsagwaronta, yaron yana ta ƙoƙarin danne ta tana ɓullowa ta kunnuwa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"Me ya ce?" in ji Shamai.

"Ya ba mu yaron!" Bostiao ya faɗa mata a kunne.

"Uwar yaron fa? Ita ma a ɓangarenmu take."

Ermelinda ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta sauko matattakalar a natse, ta ɗan tattare siket ta tsallake layin. Ta tsaya kusa da mijinta ba ta dube shi ba, kuma ya ji rashin kallon nan har cikin ƙashinsa.

Bostiao kuwa kuka ya ɓarke da shi. Ya ce na rantse da kabarin ubana ban taɓa ganin mutum irin wannan ba, ilimi dai ilimi ne, shi ga shi jaki ya tsaya yana zargi. Ya share hanci da hannun sabuwar riga, ya suri kwalbar, ya nufo matattakala.

"Wannan magana ba za ta tafi a bushe ba. Kawo kofin, ɗan'uwana! Wancan na ƙasa ne, wannan naka ne."

Jawabi ya ƙare, ɗa ya ƙare. Venancio ya laluba cikinsa bai samu komai ba. Yana kallo hannunsa ya fara tashi da kofin, shi kaɗai, bakin kwalbar yana matsowa.

"Pai, tsaya!" Jovita ce. "An zuba shim."

"To, sai me?"

"Wanda yake waje ba a miƙa masa komai ta kan layi. Tafiya yake yi, ba waiwaye." Ta sunkuya kunnen kakarta ta ɗaga murya. "Ko ba haka ba ne, Shamai? Ana miƙa abu ta kan shim?"

Tun ranar da tukunyar jan ƙarfe ta shigo gidan ba wanda ya ƙara tambayar Shamai hukuncin komai. Ta gyara zama. Ta ce ko ruwa ba a miƙawa. Ta ce wani ɗan'uwan mijinta ya taɓa karɓar kofi ta kan shim, ba a yi shekara ba kwalekwalensa ya kife. Ta ƙara da cewa yaron ma ba zai tsallake yau ba, sai gari ya waye.

"Amma Shamai, abinci fa? An yanka alade!"

"Ko ƙayar kifi."

Ko akwai wannan doka kafin ranar, ba wanda zai iya rantsewa. Venancio dai, da duk karatunsa, bai taɓa cin karo da ita ba. Ya dubi Jovita. Ta dube shi ido cikin ido, babu tausayi a kallon, babu raini, kallon mai sana'a ne da ta san abin da yake cikin tulu.

"Ku sauka lafiya, Pai," ta ce.

A nan ya gane ta sani, kuma ba za ta faɗa ba, kuma za ta ci gaba da sani har ranar da za a binne shi. Ya sunkuya ya ajiye kofin a ƙasa. Melwyn ya zaro makullin mota zai jefo, Shamai ta ɗaga taba, ya mayar aljihu.

Haka suka fito a ƙafa, rana a tsaka, ciki ba komai, Bostiao yana ta ɗaga musu murya daga baya da godiya da addu'a, su kuma ba damar waiwaye. Jar ƙasa ta hau takalman zuwa coci. Ermelinda tana gaba, yana biye. Sai da suka kai inda motar haya take tsayawa, gindin wata bishiyar mangwaro, ta juyo. Kamar kowace tasha a Goa, akwai 'yar mashaya a gefe, mai labule da benci biyu. Venancio ya juya mata baya ya fuskanci gona.

"Hura mini," in ji Ermelinda.

Ya sunkuyo ya hura mata iska a fuska. Ta shinshina.

"Ko ɗigo," ya ce.

"Na ji."

Ta kamo hannunsa, ta matse shi a ƙarƙashin hammatarta da ƙarfi, yadda ake riƙe jaka a kasuwa. Suka tsaya a haka suna duban hanya. Can nesa motar ta ɓullo, tana rangaji.

"Ka dai san a gidan nan za a yi bikin yanzu," ta ce. "Da baftismar jikoki. Da kowace Kirsimeti."

Ya kafa wa motar ido.

"Ka fara tunanin abin da za ka bayar ranar. Ni kaɗai na rage maka."